Wa zai lura da amarya a Kumasi?

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce bayan babbar salla za a kawo 'yarki aure Kumasi ta Gana, ƙasar da ba uwa ba uba, iyaka uku tsakaninku in ta Legas aka biyo, kina tambaya idan kewa ta kama ta wa zai gane. Kin ƙara da cewa yarinyar zurfin ciki gare ta, ko ciwo take ba ta faɗa. To, gyara zama in gaya miki yadda muke a nan, da mai daɗin da marar daɗin.

Duk wanda kika gani a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙi a nan, jikan baƙo ne. Na farkonmu fataken goro ne masu bin hanyar Gwanja, Salaga ce babbar kasuwarsu har yaƙin 1892 ya watsa garin. Da Turawa suka shiga Kumasi a 1896 suka kama sarkin Tonawa, wato Asante, sai Hausawa suka yi ta gangarowa kurmi, kakanmu ma ya biyo sahu daga baya, ya bar ƙaninsa, kakanki, a Kano. A wancan zamani falke ba ya sauka sai a hannun mai gida. Shi zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye. In ya kwanta ciwo shi ne mai jinya, in ta Allah ta kasance shi zai tsaya a yi masa sutura. Ayari ya daɗe da ƙarewa, amma har yau in baƙo ya kwana biyu bai leƙo waje ba, mai gida ne zai ji kunya.

Ginin ma ya taimaka. Gidajenmu na Aboabo da Asawase ba irin naku ba ne mai zaure da shigifa. Ɗakuna ne fiye da goma a kewaye da tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, Bahaushe ga Bazabarme ga Bamoshe ga Dagomba, duk da Hausa ake magana. Tsegumi kam ba a cewa komai, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai idon da ke ƙirga kayan miyarki shi ne zai fara ganin ranar da ba ki ɗora tukunya ba.

Ina 'yar shekara tara aka yi korar baƙi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk wanda ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Akwai wani tela a gidanmu, Baba kawai muke ce masa. Ya sa matarsa da 'ya'yansa a mota zuwa Najeriya, ya ce zai sayar da keke ya biyo su. Bai sayar ba, bai bi ba, dalilinsa shi da Allahnsa. Shekaru suka tura, labarin rasuwar matar ya zo masa a wasiƙa. Aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, kowa ya koma harkarsa. Baba yana zuwa masallaci, yana amsa gaisuwa da fara'a. Inna ce ta lura keken ya daina ƙara da hantsi, rediyonsa ya yi shiru, goron da yakan gutsura ya miƙa wa yara ya bushe a faranti.

Ba ta je ta ce masa me ke damunka ba. Ta san amsar: lafiya lau, sai godiya. Da idona na gan ta a bayan murhu da reza tana farke ɗinkin wandon ƙanena, wando lafiyayye. Ta miƙo mini ta ce: “Kai wa Babanku, ki ce gobe da shi za a je makaranta. Kada ki taso sai ya gama.” Na zauna a dokin ƙofa yana taka keke, yana faɗan yaran yanzu ba su san darajar tufa ba. Da ya gama ta aiko da tuwon zafi a matsayin ladan ɗinki, don in da sunan sadaka ne ba zai karɓa ba. A watan nan ban san iyakar rigunan da suka yage a ɗakinmu ba. Daga baya mahaifinmu ya roƙe shi ya riƙa yi mana biyar allo bayan magariba, wai shi ba ya samun sukuni. A gidan nan Baba ya cika, bayan wajen shekara ashirin, yaran da ya biya wa allo ne suka ɗauki makararsa.

Abin da na gada ke nan, shi kuma zan yi wa 'yarki. Mai kaɗaici in aka zo masa da tausayi tsirara sai ya ƙara ƙulle ƙofa, amma in aka zo da buƙata dole ya tashi.

Makon farko ba abin damuwa ba ne, ɗaki cike yake da 'yan ganin amarya. Wata na biyu nake tsoro, lokacin da 'yan rakiya sun koma, ango ya koma shago. Za ta ji ana cewa “matata ya zo”, don Hausarmu ta nan ba ta raba mace da namiji, ta yi dariya a ciki. Ita kuma in ta buɗe baki a kwaikwayi Kanancinta, ta yi shiru. A kasuwar Kejetia da Twi, harshen Tonawa, ake ciniki. A kawo mata sakwarar rogo da agada ta rasa ta inda za ta fara. Abin da zan sa wa ido shi ne labule a sauke har azahar, wanki da dare don kada ta haɗu da kowa a famfo, kwanon da na aika ya dawo a wanke da sauri alhali na san ba a ci ba. Ni ce uwar ɗakinta, na riga na gaya wa surukarta. Zan sa ta a adashinmu, wanda nan muke cewa susu, kuma na hana a turo mini zubi ta waya, kowa da ƙafarta take kawowa. Kin ce ta iya ƙunshi. Shi ke nan ta shiga uku, kusan kowace Lahadi biki ake a zango.

Kada ki ɗauka ba ma kuskure. Wanda ya yi kuɗi ya gina gida mai get a bayan gari ya fita daga idonmu, matarsa tana iya wata ba ta ga kowa ba. 'Yan matan arewacin Gana masu dakon kaya, kayayo, muna wuce su suna kwance a bakin shaguna kamar ba 'ya'yan wasu ba. Samarinmu suna cika benci suna shan ataya har tsakar dare, a cikinsu akwai wanda ba mai sanin halin da yake ciki sai ƙwaya ta kayar da shi. Ni kaina akwai wata maƙwabciyata da ta fita takaba, na ga ta sa kwalli na ce ta warware. Sai da ta rame ta fara maganar ina ma ta bi shi sannan na farga. Wannan ya wuce kewa, bayan addu'a sai da muka kai ta ga likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee. Ta samu sauƙi, amma har yau in na tuna watannin da na yi ina gaishe ta daga nesa sai in ji nauyi.

Saura naki aikin. Kada ki riƙa kiranta sau biyar a wuni, wayar ce za ta zaunar da ita a ɗaki, jikinta a Kumasi ranta a Kano. Ki kira bayan isha'i, ki tuna agogonku ya riga namu da awa ɗaya. In kin kira kada ki tsaya a “kina lafiya”, ki tambaye ta wa ta gani yau, me ta dafa, wa ta zuba wa. In kwana uku amsar ba kowa, ni za ki kira, ba ita ba.

Kuma a cikin kayan gara ki sako kuka da daddawa da lalle ninki biyu. Rabin nata ne, rabin ɗaki-ɗaki zan sa ta bi da kanta ta raba.