Me ya sa muka yi salga mai bututu?

Ɗana, jiya kana kwaɓa siminti ka tambaye ni dalilin da ya sa na ba mai gidan nan shawarar salga mai bututu, alhali masai mai ruwa da sokawe ya fi kawo mana kuɗi. To, saurara.

Masai mai ruwa, ruwa yake ci. Kora ɗaya takan lashe lita 6 zuwa 9. Gidan nan cike yake da yara, famfo ba ya zuwa, wurin 'yan garuwa suke saye. Ka kafa musu shi yau, kafin wata biyu ya toshe, yara sun koma bayan katanga. Wanda ya yi haka ya ci kuɗin mutum, ya bar shi da amai da gudawa.

Wannan bututun da kake rainawa kuwa, a Zimbabuwe aka ƙirƙiro shi, a cibiyar bincike ta Blair, cikin shekarun 1970, a hannun wani mai suna Peter Morgan. Iska in ta bi ta saman bakinsa sai ta zuƙo warin ramin ta yi sama da shi, sabuwa kuma ta shiga ta bakin salgar. Shi ya sa ba a rufe bakin da murfi, ƙofa kuma a fuskantar da ita inda iska ta fi kaɗowa. Faɗin bututun kada ya gaza inci 4, ya zarce rufi da rabin mita.

Ga abin da magina da yawa ke ɓatawa: cikin ɗakin dole ya kasance da ɗan duhu. Ƙuda haske yake bi. In ya ƙyanƙyashe a rami, hasken da zai hango na bututu ne, ya hau, ya tarar da raga a sama, nan zai mutu. Ka buɗe babbar taga don a yabe ka, ka nuna masa hanyar tuwon gidan. Ragar ma a riƙa dubawa, ta ƙarfe tsatsa ke cinye ta.

Gobe kafin ka sa diga a ƙasa, ɗauki tef ka auna daga rijiyarsu, har da ta maƙwabta. Mita 30 nake so. In filin bai kai ba, kada ka tona, kira ni mu sake shawara da mai gida.