Amsa: kai wa jiragen ruwa kaya da kwale-kwale

Malam, ka tambaya ko mai kwale-kwale zai iya tallar kaya ga jiragen da ke jiran shiga tashar Apapa da ke Legas. Zai iya, amma takarda ce farko. Tun da dokar tsaron tashoshi ta ISPS ta fara aiki a Yulin 2004, kyaftin ba ya barin baƙon kwale-kwale ya matso. Ka bi ta hannun wakilin jirgin, ka nemi izinin kwastam da hukumar tashar.

Abin da ke tafiya shi ne ɗanyen kifi, ayaba, abarba, ƙwai da layin waya. Ka sa kifin cikin akwatin sanyi (kula) mai ƙanƙara, don rana ɗaya a teku ta isa ta lalata shi.

Wajen matsowa ake asarar rai. Ka zo ta gefen da jirgin ya kare maka iska, ka nisanci bayansa inda farfela take. Ɗaura tsofaffin tayoyi a gefen kwale-kwalen, in ba haka ba igiyar ruwa za ta buga shi da ƙarfen jirgi ya tsage. Da igiya da bokiti ake ɗaga kaya, kowa sanye da rigar hana nutsewa.

In ma'aikacin jirgi ya ce zai biya ka da man dizal ko fenti, ka ƙi. Fasa-ƙwauri ne.