Ga 'yar'uwar da mura ta kwantar, ana matsa mata ta koma aiki

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ina karanta tambayarki jikina ya yi sanyi, kamar labarina kika rubuta. Kin ce yau kwananki tara da kamuwa da infuluwenza, wato mura mai tsanani, zazzaɓin ya sauka amma ko wanka kika yi sai kin zauna kin huta, ga shugabanki a wurin aiki yana ta kira wai ai mura ce kawai, kina tambaya ko ki daure ki koma. Ni na daure na koma, kuma har yau ina nadama.

Tawa ba ta yi sallama ba. Da safe lafiyata ƙalau, kafin la'asar ina rawar ɗari, kai na sarawa, gaɓoɓina kamar an kwana ana dukana. A rana ta uku shugabarmu ta kira ni. Ko sannu ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Mura ce fa, wa ye bai taɓa yi ba?" Ta ƙara da cewa in ban zo ba za a cire a albashina. Shekara shida ina aiki a ƙarƙashin matar nan, ban taɓa fashi ba, ranar da ɗanta ya kwanta asibiti ni na riƙe mata aikinta har dare. Wallahi maganar ta fi min zazzaɓin ciwo.

Washegari na lallaɓa na je. Na zauna gaban kwamfuta, lambobi na rawa a idona, lissafin da nake gamawa cikin awa ɗaya ya cinye min wuni, kuma duk kuskure ne. Wajen saukowa daga bene jiri ya ɗebe ni, na zauna kan matakala ina kuka, ta zo ta wuce ni, kallo ɗaya ta yi min. Cikin kwana biyu abokan aikina biyu suka kwanta, ɗaya tana da tsohon ciki. Wannan ne ke ci min rai har yanzu, don daga baya likita ya gaya min babba kan fara yaɗa cutar tun kwana ɗaya kafin ya ji alama, har kwana 5 zuwa 7 bayan nan. Ni na kai musu ke nan.

Sai da na fara jin dama-dama zazzaɓin ya dawo, tarin ya ƙaru, ƙirjina na suka in na ja numfashi. Nimoniya ce, wato ciwon huhu, ta hau kai. Hutun mako ɗaya da aka hana ni ya koma mako uku.

Don Allah ki lura da wannan. In zazzaɓi ya tafi ya dawo, ko numfashi ya yi miki wuya, ko ƙirji na ciwo, ko kin ji kanki ya rikice, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne. Kasalar da kike ji kuwa ba lalaci ba ce, haka cutar take. Tari kan kai mako biyu ko fiye, ni wata guda na yi ban iya wankin kayana ba. Ki bar aikin gida ya jira, ki sha ruwa sosai, ki yi barci. Kar ki sayi antibayotik da kanki, ƙwayar cutar nan bairas ce, ba ya taɓa ta. Kuma ki duba kwalin maganin murarki, da yawa akwai farasitamol a ciki, kar ki ninka ba ki sani ba. Akwai maganin infuluwenza mai suna oseltamivir, amma ya fi aiki cikin awa 48 na farko, ke ya wuce miki, sai dai in wani a gidan ya kamu, musamman tsoho.

Zancen komawa, likitana cewa ya yi sai zazzaɓi ya yi awa 24 bai dawo ba, ba tare da an sha maganin saukar da shi ba. Ko kin cika wannan, ki karɓi takardar likita, ki nemi rabin wuni ko aiki mara nauyi na 'yan kwanaki, kuma a rubuce, ba ta waya ba. Da na yi haka da matar nan ba ta samu bakin musu ba. Shi kuma mai cewa mura ce kawai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar nan na kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a duk shekara. Ni yanzu kowace shekara sai na yi rigakafi, tunda ƙwayar cutar canza kama take.

Ba ki faɗa mana ba, kina da asma, ciwon sukari ko ciwon zuciya? Ko kina da ciki? In akwai ɗaya daga ciki, ki ga likita tukuna kafin ki ba shugaban naki amsa.