Amsa ga Yaya kan wa'adin 'yan hukumar hanyoyi

Yaya, na ga tambayarka. Ka ce ka ji a Amurka ana ja-in-ja kan yawan shekarun da 'yan hukumar hanyoyi ta jiha za su yi a kan kujera, kana mamakin yadda wannan ma ya zama abin rigima. Ban ga laifinka ba. A gida sabon gwamna na hawa, kafin masu zuwa taya murna su watse, sanarwa ta fito an rushe hukumomi.

A nan Texas inda muke, mutum biyar ne a hukumar da ke kan ma'aikatar hanyoyi. Da uku ne, a 2003 aka ƙara biyu. Gwamna ke naɗa su, majalisar dattawan jiha ta amince, kowannensu ya yi shekara shida, alhali shi gwamnan huɗu yake yi. Kuma ba rana ɗaya suke sauka ba, duk bayan shekara biyu mutum ɗaya ko biyu ke tafiya. Dabarar ita ce sabon gwamna ya tarar da mutanen wanda ya gada, dole ya yi haƙuri da su.

Kada ka raina mutum biyar ɗin nan. Su ke sa hannu a kan tsarin ayyukan hanyoyi na shekara goma, wanda a 2023 kuɗinsa ya kai dala biliyan 100. Shi ya sa in ka ji ɗan majalisa ya kawo ƙudurin rage wa'adi ko tsawaita shi, maganar wa zai riƙe wannan tukunya ake yi. A rage, hannun gwamna ya ƙara ƙarfi. A tsawaita, 'yan hukuma su ci gashin kansu, amma mai ƙuri'a ya rasa wanda zai riƙe wa wuya. Kowace jiha da tata hanyar: a Jojiya 'yan majalisa ke zaɓen mutum 14, shekara biyar-biyar, a Missouri mutum shida ne, kuma ba a yarda fiye da uku su fito daga jam'iyya ɗaya ba.

Ni dai a ganina, a Texas dabarar ta zama ta takarda, tunda doka ba ta iyakance wa gwamna yawan tsayawa takara ba. Rick Perry ya yi shekara 14, Greg Abbott yana kai tun 2015. Wanda ya daɗe haka, ai duk biyar ɗin nasa ne.

Ka kuma tambayi ko mu Hausawan nan muna sa baki. Da farko ba ma yi, manyanmu kan ce baƙo ba ya shiga rigimar gari. Aikin faɗaɗa babbar hanyar I-45 a Houston, wanda zai ci gidaje sama da dubu, shi ya tashe mu. Wata Juma'a bayan salla, wani ɗan'uwanmu direba ya shimfiɗa taswirar aikin a kan motarsa, muka yi cirko-cirko kowa na neman unguwarsa da yatsa. 'Yata ce ta cika mini takardar jin ra'ayin jama'a a waya, tana yi tana dariyar Turancina. A gaida Inna da yara.