An rufe takardun bincike sai na biya dala, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, daga Gusau nake rubuto maka. Ina digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma, sufabaiza ya ce in yi sistamatik ribiyu, wato bitar duk binciken da aka riga aka wallafa bisa tsari, kan gubar dalma da ta kashe yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Na tara takardu daga PubMed da Google Scholar amma da yawa in na danna sai ɗan taƙaitaccen bayani kawai nake gani, sauran kuma wai sai na biya dala 30 zuwa 40 kowace ɗaya. Ko in bar rufaffun in yi da na kyauta kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da sa'a, wannan aiki ne da ya shafi gida. Kar ki bar rufaffun, kuma kar ki biya ko sisi tukuna. Irin wannan bita ƙa'idarta ita ce duk binciken da ya cika sharuɗɗanki sai ya shiga, in kika ɗauki na kyauta kaɗai to aljihu ne ya yi zaɓin ba sharaɗi ba, kuma ranar difens, wato ranar kare aikinki gaban malamai, za a tambaye ki.

Fara da tacewa. Ba duk abin da kika tara ne kike buƙatar cikakkensa ba, karanta kanu da taƙaitaccen bayanin ki zubar da waɗanda ba su dace ba, sauran ki rubuta lambar DOI ɗinsu, wadda ke farawa da 10 sai ɗigo. Ita ce katin shaidar takarda, da ita ake nemo ta ba laluben duhu.

Sannan ki taka da ƙafarki zuwa laburaren jami'arku, sashen kwamfutoci, ki ce kina neman mai kula da e-laburare. Wallahi abin da ke damuna kenan, ɗalibi ya gama shekara biyu bai taɓa shiga ɗakin nan ba alhali maganin matsalarsa na ciki. Ki tambaye shi kai tsaye: makaranta ta yi rajista da Research4Life, wato shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa rufaffun mujallu? A ƙarƙashinsa akwai Hinari na harkar lafiya wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na noma, da OARE na muhalli, ke kuwa dalma ta haɗa lafiya da muhalli saboda haka biyun duk naki ne. Makaranta ake ba izinin shiga ba mutum ɗaya ba, shi zai ba ki suna da kalmar sirri ko ya zaunar da ke a kwamfutar da ke kan intanet ɗin makaranta. A nan mutane ke tuntuɓe: sai kin fara shiga shafin Research4Life sannan daga cikinsa ki buɗe mujallar, in kika je shafin mujallar kai tsaye daga Google sai ta sake nuna miki farashi ki zaci bai yi ba. Kuma don Allah kar kalmar sirrin nan ta shiga gurup ɗin WhatsApp, ana iya rufe wa makaranta gaba ɗaya.

Wanda bai fito ba, sa ƴar manhajar Unpaywall a Chrome ko Firefox na laftof, in akwai halastaccen kwafi na kyauta wata ƴar koriyar alama mai hoton buɗaɗɗen kwaɗon ƙofa za ta bayyana a gefen shafin. Ki duba PubMed Central, da AJOL don mujallun Afirka. Sai imel zuwa ga marubucin, adireshinsa yawanci na shafin takardar, layi uku ya isa, ki faɗi sunanki da makarantarki da abin da kike yi, da yawansu suna turowa da murna.

Duk wadda ta gagara bayan haka ki rubuta ta a Excel da ranar da kika nema da inda kika nema, domin a zanen PRISMA na 2020, wanda ake nuna yadda aka tace takardu a irin wannan bita, akwai akwati musamman na takardun da aka nema ba a samu ba, adadinsu za ki sa a ciki.