Tambaya da Amsa: Gundumar Lamu ta ƙasar Kenya

Tambaya: Malam, ina yawan jin sunan Lamu idan ana maganar Maulidi a gabashin Afirka. Shin gari ne ko yanki, kuma mene ne tarihinsa?

Amsa: Lamu sunan gari ne, sunan tsibiri ne, kuma sunan ɗaya daga cikin gundumomi 47 da tsarin mulkin Kenya na 2010 ya tanada. Gundumar tana gaɓar tekun Indiya, tana iyaka da Somaliya, kuma ƙidayar 2019 ta nuna mutanenta 143,920 ne, wato babu gundumar da ta kai ta ƙarancin jama'a a ƙasar. Tsibiran Lamu da Manda da Pate su ne suka yi suna, amma mafi yawan ƙasarta a kan tudu take, wato ba a cikin tsibiran ba.

Musulunci ya daɗe a nan ƙwarai, domin masu haƙar kayan tarihi sun gano kufan masallaci a Shanga, cikin tsibirin Pate, wanda ake danganta shi da ƙarni na takwas. Turawan Fotugal sun iso a 1506, daga bisani Larabawan Oman suka kore su daga gaɓar, sannan a wajen 1812 mutanen Lamu suka ci rundunar Pate da ta dangin Mazrui masu mulkin Mombasa a yaƙin Shela. Daga nan garin ya bunƙasa da fataucin hauren giwa da itacen gini da bayi.

Hana bauta a 1907, da kuma layin dogon da Ingilishi suka faro daga Mombasa, su suka karya kasuwar Lamu. A ganina wannan koma-baya ne ya tsare tsohon garin, domin babu mai kuɗin rushe gidajen dutse ya gina sabbi, lungunan kuwa sun yi wa mota ƙunci, har yau jakuna ke dakon kaya. A 2001 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Maulidin da ka ji labari kuwa, Habib Swaleh ne ya raya shi, wani sharifi da ya zo daga tsibiran Komoros ya kafa masallacin Riyadha, ya rasu a 1935.

A kan tudu lamarin ya sha bamban. Gwamnatin Jomo Kenyatta ta tsugunar da manoma 'yan ƙabilar Kikuyu a Mpeketoni, abin da ya haifar da taƙaddamar filaye, kuma a can ne mayaƙan al-Shabaab suka kashe mutane da dama a watan Yunin 2014. An buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lamu a 2021, wadda ake fatan za ta riƙa karɓar kayan Habasha da Sudan ta Kudu.