Digiri Kaɗai Ba Ya Sa Ka Zama Safiyo Mai Lambar RICS

Malam, ka tambaya ko digiri ya isa a kira ka safiyo mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun safiyoyi da aka kafa a Landan a 1868. Gaskiya bai isa ba. Sai ka bi matakin APC, wato tantancewar da RICS ke yi don gwada ƙwarewarka a aiki. Idan digirinka na cikin waɗanda RICS ta amince da su kuma ba ka kai shekara 5 kana aiki ba, za ka yi wata 24 a ƙarƙashin wani mamba da zai riƙa duba aikinka.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne hirar ƙarshe ta awa ɗaya. Masu tantancewar za su ɗauko aikin da ka rubuta, su tambaye ka dalilin kowace shawara da ka ba wanda ka yi wa aikin. Don Allah ka riƙa rubuta abin da ka yi kullum tun makon farko.